Malamin Gobe da Kwamfuta: Magana ga Iyaye da Dattawa

Maganar da muka kawo yau ta shafi 'ya'yanmu da ke kwalejojin horar da malamai, masu karatun NCE na shekara 3, waɗanda gobe za mu danƙa musu jikokinmu su koyar.

Da yawa cikinmu mun shiga firamare a zamanin shirin UPE na 1976. Kayan aikin malaminmu a lokacin ba su wuce alli, baƙin allo, littafin shirin darasi da rajista ba, kuma da su aka yi mu. Amma ajin da 'ya'yanmu za su shiga ya canza. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. A 2024 hukumar WAEC ta fara gwada haka ga masu zana jarrabawa masu zaman kansu. Shi kansa malamin, jarrabawar cancanta ta hukumar rajistar malamai, wato TRCN, a kan kwamfuta zai zauna ya rubuta ta. Ba mu kuma manta da watan Maris na 2020 ba, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, darasi ya koma rediyo da talabijin da waya. Yaran ƙauyukanmu ne suka fi shan wahala.

Mun sha ganin yaro mai ƙwazo ya bar ƙauye da asuba zuwa cibiyar jarrabawa, ya san amsa sarai, amma ranar ce ta farko da hannunsa ya taɓa linzamin kwamfuta. Kafin ya gane kan abin, lokaci ya tafi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wa ya kamata ya shirya wannan yaro? Malaminsa. To, in malamin ma da alli aka zana masa kwamfuta a allo, ya haddace sunayen sassanta ya ci jarrabawa, me zai ba yaron?

Sai dai kada mu ɗauka sayen na'ura shi ne ƙarshen magana. A ƙasar Peru gwamnati ta raba wa yaran firamare ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012, a makarantun karkara 319, ya nuna makin yaran a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Kaya sun iso, amma koyarwa ta tsaya yadda take. Na'ura ba ta koyarwa; malamin da ya san abin da zai yi da ita shi ne yake koyarwa.

Saboda haka, me ya kamata ɗalibin malanta ya koya kafin ya karɓi takardar shaidarsa?

Na fari, ya saba da na'urar da hannunsa. Ya iya buga shirin darasi, ya shigar da makin yara a jadawali, ya aika takarda ta imel. Mai koyar da Hausa ya san inda zai samo ƙ, ɗ da ɓ a wayarsa, gama “kasa” daban, “ƙasa” daban.

Na biyu, ya fara da darasin, sa'an nan ya nemi na'urar da za ta taimaka. In zai koyar da yadda zuciya take tura jini, bidiyo na minti 2 ya isa. Ya nuna, ya tsayar, ya yi tambaya, ya sa yara su ɗora yatsu a wuyan hannu su ƙirga bugun. In waya ɗaya ce ga yara 60, ya raba su rukuni-rukuni, wasu na kallo, wasu na zane. Malamin da ya kunna bidiyo ya koma bakin taga yana hira bai koyar da kome ba.

Na uku, ya shirya wa ranar da babu wuta. Mun san wata 'yarmu da ta kwana tana shirya darasi da majigi a lokacin gwajin koyarwa. Mai duba ta ya zauna ke nan aka ɗauke wuta, ta tsaya ba ta da abin faɗi, ta fita da hawaye. Zagaye na biyu ta sauke bidiyon a waya tun da dare, ta kuma zana hoton a kwali. Ranar ma an ɗauke wuta, amma darasi bai tsaya ba.

Na huɗu, ya koyi tantancewa. Ba duk abin da ke intanet ne gaskiya ba. Manhajojin nan masu amsa tambaya, irin ChatGPT da ta fito a ƙarshen 2022, suna iya tsara darasi cikin ƙiftawar ido, suna kuma iya kawo kuskure da cikakken ƙarfin hali. Malami ya gwada amsar da littafin manhaja kafin ya kai ta gaban yara. Akwai kuma dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe tare da UNICEF a 2022, inda darussa suke kyauta.

Na biyar, ya riƙe amana. Hoton ɗan wani ba abin sakawa a Facebook ba ne sai da yardar iyayensa, kuma malami ba shi da dalilin aika wa ɗalibarsa saƙo da tsakar dare.

Yanzu ga namu rabon, dattawa. Ikilisiyoyinmu da dama suna da janareta ko sola, wasu har da majigi da kwamfutar ofis, amma daga Lahadi zuwa Lahadi suna kulle a akwati. Muna roƙo a ware yamma ɗaya a mako, a sa dattijo ɗaya ya lura, ɗaliban malanta su zo su gwada darasinsu a gaban ƙannensu. Wani ya ɗauke su da waya, su kalli kansu, tsofaffin malamanmu da suka yi ritaya su gyara musu. Tsohon malami ya san aji, matashi ya san na'ura. In sun zauna tare kowa zai ƙaru. A buɗe ƙofar ga yaran maƙwabta duka, ba tare da tambayar wurin ibadarsu ba.

Iyaye, in ɗanku ya roƙi kuɗin data, ku tambaye shi darasin da yake shiryawa, ku ce ya nuna muku. Kada kuma a saya wa namiji waya a ce mace ta jira, alhali ita ma aji ɗaya ne yake jiranta.

Ku kuma 'ya'yanmu, kada kunya ta hana ku cewa ba ku iya ba. Ku tambaya tun kuna ɗalibai, domin ranar da kuka tsaya gaban aji, yara za su ɗauka kun sani. Muna fata kwamitin kowace ikilisiya zai sa wannan magana cikin ajandar zamansa na gaba, ya tsai da rana, ya kuma zaɓi wanda zai riƙe makulli.

Allah ya ba mu hikima, ya albarkaci 'ya'yanmu. Amin.