Jawabi Game da Canjin Bel a Tsohuwar Motar Gas

Ga gargaɗi. Tsohuwar Toyota Hiace mai inji 3L tana da bel mai haƙora a gaban injinta, shi ne ke daidaita buɗewar bawul da hawan fistin da famfon gas. In ya tsinke a hanya, fistin ya bugi bawul, inji ya lalace, maras lafiya ya kwana a daji. Saboda haka lalle a canja shi kowane kilomita 100,000, tare da ƙaramar tayar da ke tamke shi. Bakanike ya daidaita alamomi, ya juya inji da hannu sau biyu kafin a tayar. Malami kuwa ya rubuta rana da kilomita a littafin mota. Rigakafi ya fi magani.