Na'urar Ɗauraye Kofunan Tatsa: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Jawabi ga masu kiwon shanun madara

Abin da za a tattauna a wannan jawabi shi ne wata na'ura da masu sayar da kayan tatsa suke tallatawa, wadda takan ɗauraye kofunan injin tatsa da kanta duk sa'ad da aka gama da saniya guda, kafin a maƙala su ga ta biye da ita. Masu tallar suna cewa tana tsare shanu daga ciwon hantsa. Tun da yake yanzu akwai gonakin madara masu tatsa da inji a wajajen Jos da Kaduna da Kano, kuma na'urar tana da tsada ainun, ya kamata mai garke ya san abin da za ta yi masa da abin da ba za ta yi ba, tun bai kwance bakin jakarsa ba.

Da farko sai a dubi yadda injin tatsa yake. Yana da kofuna huɗu, ko wane kan nono da nasa, kuma a cikin ko wane kofi akwai wata roba mai laushi wadda ita ce take taɓa jikin saniya. Inji yana zuƙe iska daga cikin robar, ita kuwa tana buɗewa tana tsukewa kamar sau 60 a minti ɗaya, madara tana gangarowa ta bututu zuwa tanki. In an cire kofunan ba su fita a bushe, kullum akwai sauran madara a jikin robar. To, idan saniyar da aka gama da ita tana da cuta a hantsarta, ƙwayoyin cutar suna nan cikin wannan ɗan saura, kuma kai tsaye za a ɗora su a kan nonon ta gaba. Ta haka roba guda takan raba cuta ga shanu da dama a safiya ɗaya.

Aikin na'urar ɗauraya ke nan, ta toshe wannan hanya. Da an cire kofunan sai ta rufe hanyar madara, ta turo ruwa ta cikin robobin daga baya zuwa baki, sa'an nan ruwan magani, watau aidin da aka tsinka ƙwarai ko wani ruwa mai tsami da ake kira ferasetik, daga nan iska mai ƙarfi ta biyo ta kore sauran damshin. Duka bai kai minti ɗaya ba, kuma ba ta mantuwa, ba ta gajiya. Ba a musun cewa tana wanke robar. Inda aka shafo cikin robar aka auna kafin ɗauraya da bayanta, an ga galibin ƙwayoyin cutar sun kau. Amma fa mai garke ba don roba yake kiwo ba. Abin da ya dame shi shi ne ko yawan shanun da suke kamuwa zai ragu, kuma a nan ne maganar ta rabu biyu.

Dalili kuwa shi ne ciwon hantsa iri biyu ne, ko da yake a ido kamarsu ɗaya: hantsa ta kumbura ta yi zafi, madara ta tsinke ko ta fito da gudaji. Iri na farko ƙwayoyinsa a cikin hantsar saniya suke zaune, daga nan suke bin roba da hannun mai tatsa da tsumman shafa su shiga wata. Manya a cikinsu su ne sitafilokokas, da wani jinsin sitiraftokokas da ake kira agalaktiya, da kuma maikofilazma. Iri na biyu a ƙasa suke, cikin kashin shanu da taɓo da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, kamar ikolai da wani sitiraftokokas ɗin da ake kira yubaris. Waɗannan galibi ba a wurin tatsa suke shiga ba, sai bayan saniya ta koma ta kwanta a ƙazanta, musamman da yake ƙofar nono takan zauna a buɗe kamar rabin sa'a ko fiye bayan tatsa. Ashe ke nan ko an wanke roba sau ɗari, saniyar da ta kwanta cikin caɓi da damina ba ta tsira ba.

Har wa yau, mafi yawan ciwon a ɓoye yake. Saniya tana ci tana sha, madararta fari fat, amma tana raguwa a hankali, ita kuwa tana ta raba cuta. Ana gane irin wannan ta ƙidayar fararen ƙwayoyin jini da ke cikin madara, domin jiki yakan turo su hantsa su yi yaƙi da cuta. Saniyar da ƙidayarta ta haura 200,000 a mililita ɗaya ana ɗaukarta mai cuta. Ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda da madarar garken da ta wuce 400,000 ba, a Amurka kuwa iyakar da dokar tarayya ta sa 750,000 ce.

Maganar wanke kofuna tsakanin saniya da saniya tsohuwa ce. Cikin shekarun 1960 masana na wata cibiyar binciken madara da ke Shinfil, kusa da birnin Redin a Ingila, cikinsu har da Frank Dodd da F. K. Neave, sun gwada ta a garkunan manoma masu yawa. A wasu garkunan aka yi abin da suka kira cikakkiyar tsabta: masu tatsa suka sa safar hannu ta roba, ana tsoma kan nono a magani bayan tatsa, sa'an nan ana ratsa kofunan da ruwan zafi mai digiri 85 na daƙiƙa 5 bayan ko wace saniya. A wasu garkunan aka yi duk wannan amma ban da ruwan zafin. Sabon kamu ya ragu da wajen rabi a ɓangarorin biyu, kuma ƙarin da ruwan zafi ya kawo bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da wahalarsa. Sabo da haka da aka zo tsara shirin nan mai ƙa'idodi biyar wanda ya bazu duniya, ba a sa ɗauraya a ciki ba. Abin da aka sa shi ne tsoma kan nono a magani bayan ko wace tatsa, da yi wa mai ciwo magani nan da nan a kuma rubuta, da ba da magani sa'ad da aka daina tatsar saniya kafin haihuwa, da fitar da wadda ciwonta ya ƙi jin magani, da kula da lafiyar inji. Da wannan shiri ciwon da ake gani a fili a Ingila ya sauko daga wajen kamu 150 a cikin shanu 100 a shekara zuwa wajen 40 a farkon shekarun 1980. Ƙa'ida ta uku ta sake fasali daga baya, domin tun 2022 Tarayyar Turai ta hana ɗura wa dukan garke maganin kashe ƙwayoyin cuta don rigakafi kawai, sai a zaɓi masu bukata.

A shekarun 1980 jami'o'in Amurka sun sake gwajin, wannan karo da na'urori masu aiki da kansu da ruwan aidin. Abin da aka samu bai yi nisa da na Ingila ba. Roba ta tsabtata ƙwarai, wasu ƙwayoyin masu bin roba sun ragu, amma inda ake tsoma nono a magani yadda ya kamata ragin sabon kamu kaɗan ne, cututtukan ƙasa kuwa ko gezau. Wannan ba abin mamaki ba ne in an yi tunani. Ƙwayar da roba ta ajiye a fatar nono sai ta ɗauki lokaci kafin ta shiga ciki, maganin da aka tsoma nonon a ciki yakan same ta a bakin ƙofa ya kashe ta. Watau maganin tsomawa da na'urar ɗauraya kusan ɓarawo ɗaya suke tsaro, na farko kuwa ya fi araha nesa ba kusa ba.

Duk da haka kada a ɗauka na'urar aikin banza ce. Akwai garkunan da take biyan kuɗinta. Na farko shi ne garken da maikofilazma ta shiga. Wannan cuta ba ta jin maganin da ake ɗurawa a nono, tana yaɗuwa da sauri, kuma takan lalata ɓangarorin hantsa fiye da ɗaya. Tsananinta ne ya sa ƙasar Niyu Zilan, da ta gano ta a 2017, ta ƙudura a 2018 za ta kawar da ita baki ɗaya ko da yanka garkuna ne. Inda irin wannan ta ɓulla, duk ƙofar da aka iya toshewa riba ce. Na biyu shi ne garken da sitafilokokas ta yi wa katutu, domin ita ma takan ɓuya cikin naman hantsa ta ƙi magani, musamman a tsofaffin shanu, kuma mai garke ba ya iya sayar wa mahauta rabin dukiyarsa a rana ɗaya. Na uku shi ne babban garke mai ɗaruruwan shanu da ma'aikatan haya, inda ware marasa lafiya yake da wuya, kuma ba kullum ne mai shanu yake tsaye a kan masu tatsa ba. Haka kuma injin nan da yake tatsa ba da hannun mutum ba, wanda aka fara sayarwa a Holan a 1992: saniya ita take zuwa sa'ad da ta ga dama, kofuna huɗun nan su ne na shanu hamsin ko sittin, ba a iya cewa wannan ta riga wannan, sabo da haka ɗauraya a cikin ƙirarsa take, wasu ma da tururi suke yi.

Sai kuma a lissafa abin da take ci. Ban da kuɗin saye, ana biya ne bisa ga yawan wuraren tatsa, tana bukatar ruwa mai tsabta irin na sha, da injin matsa iska, da wutar lantarki tsayayya, da magani kullum, da makaniki wanda ya san ta. A ƙasar da kayan gyara sai an aiko daga waje, wannan na ƙarshe abin dubawa ne. Ruwan rijiya ko na tafki da ba a tace ba zai iya sa cuta a robar da aka ce ana wankewa. In iskar ba ta da ƙarfi ruwa ya saura a kofi, sai ya shiga madara tare da maganin, ko ya jiƙa nonon saniya ta gaba. Mafi muni, takan lalace shiru. Durom ɗin magani ya ƙare, ko famfonsa ya toshe, na'ura tana ta huci tana fesa ruwa zalla, ma'aikata kuwa sun saki jiki sun rage kula da tsoma nono don sun dogara gare ta. Garken da ya faɗa wannan hali ya fi wanda bai saya ba shiga uku.

Akwai abubuwan da suke yin kusan aikinta ba da kuɗi mai yawa ba, kuma su ya kamata a fara gamawa. A tsara jerin tatsa: shanu masu haihuwar fari da lafiyayyu a gaba, masu yawan ƙidaya a baya, masu ciwo a ƙarshe, ko a keɓe musu kofunansu dabam. Ko wace saniya da nata tsumma ko takardar shafa. A zuba abinci bayan tatsa don shanu su tsaya a tsaye har ƙofar nono ta rufe. A sake robobi a kan kari, domin tsohuwar roba takan tsattsage, kuma cikin tsagar nan ƙwayoyi suke ɓuya inda ko na'ura ba ta kai musu. Ƙa'idar baƙar roba ita ce tatsa 2,500 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Misali, garke mai shanu 100 da ake tatsa sau biyu a rana da gungun kofuna 10, ko wane gungu yana tatsa 20 a rana, ke nan cikin kwana 125 robar ta cika wa'adinta, wata huɗu da 'yan kwanaki. Mai garken da yake barin roba shekara guda, sa'an nan yana tambayar farashin na'urar ɗauraya, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ƙaramin garke yana iya ɗauraye kofuna da hannu bayan saniya mai ciwo kaɗai, da bokitin magani. Amma a lura da abu biyu. In an tsoma kofuna huɗun gaba ɗaya iska takan tokare a ciki ta hana ruwan hawa, sai dai a tsoma biyu biyu. Kuma ruwan da madara ta gurɓata ya rasa ƙarfinsa, in ba a sake shi a kai a kai ba bokitin da kansa ya zama matattarar cuta. Masu tatsa da hannu a ruga su ma maganar ta shafe su, domin abin da roba take yi a gona shi tafin hannu yake yi a can, balle in ana jiƙa yatsu da madara don santsi. Wanke hannu da sabulu da barin mai ciwo a ƙarshe shi ne ɗaurayarsu.

Wanda yake son sanin ko garkensa yana cikin masu bukatar na'urar, hanyar ita ce awo. A sami likitan dabbobi ya ɗebi madarar shanu masu ciwo da masu yawan ƙidaya cikin kwalabe masu tsabta, kafin a ba su magani, a riƙe ta da sanyi a kai ɗakin bincike irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, ko na wata jami'a mai sashen likitan dabbobi. A gaya musu su nemi maikofilazma musamman, don ba ta tsirowa a awon yau da kullum. In sakamako ya nuna ikolai da yubaris ne suka fi yawa, kuɗin ya tafi wajen gyara makwanci da magudanar ruwa. In kuwa sitafilokokas ko maikofilazma ne, kuma an riga an tsayar da sauran ƙa'idodin amma sabon kamu bai tsaya ba, to, lokacin kiran mai sayarwa ya yi. Ko a sa'an nan a buɗe littafi tun kafin a kafa ta, a rubuta ƙidayar ko wace saniya wata wata da ranar ko wane kamu, a ci gaba har shekara ta zagayo ta haɗa rani da damina, kuma a sa mutum ɗaya ya riƙa duba durom ɗin magani ko wace safiya yana sa alama a inda ruwan ya tsaya.