Ɗakin Gwaji da Ɗaliban Sakandare a Bauchi

Jarrabawar WAEC da ta NECO suna da takarda ta musamman a darussan kimiyya, wato gwajin aiki, inda ɗalibi zai haɗa sinadarai da hannunsa, ya auna, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Ɗalibin da ya haddace darasi daga allo, bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa, an tauye masa haƙƙi, komai ƙoƙarin malaminsa. Tun da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 domin koyar da fasaha, tana cikin birnin Bauchi, ya kamata ma'aikatar ilimi ta jihar ta nemi a buɗe wa ɗaliban ajin ƙarshe ɗakunan gwajinta lokacin hutu, ƙarƙashin kulawar malamansu.