Ciwon da Ke Cin Jijiyar Ido a Ɓoye

Jawabi a taron ƙarshen wata, Sabo, Ibadan



Ni ba likita ba ne, kun sani, goro nake sayarwa. Abin da ya same ni ne ya tsayar da ni a gabanku.

Shekara 3 da suka wuce na lura ina yawan karo da huhun goro a rumfa, in dai yana hagu da ni. Mutum zai miƙo hannu ta gefe ban gan shi ba, har aka fara cewa Alhaji ya yi kuɗi ya daina gaisawa. Amma abin da ke gabana tar nake ganinsa, ina ƙirga kuɗi, ina karatu. Sau biyu na sayi tabarau wajen masu yawo da shi, a banza. Ranar da ɗan okada ya kusa kwashe ni a Mokola, ɗana ya kai ni asibitin UCH.

Likita ta ce hawan jinin ido ne, gilakoma. Kada sunan ya ruɗe ku, ba hawan jinin da muka sani ba ne. Ashe ido shi kaɗai ba ya gani. A bayansa akwai jijiya mai zare sama da miliyan 1, ita ke kai hoto ƙwaƙwalwa. In ruwan cikin ido bai samu hanyar fita ba, sai ya matse ta, zaren ya riƙa mutuwa, ganin gefe ya fara tafiya. Galibi ba zafi, ba ja. Ƙwaƙwalwa kuma tana cike gurbin da ya ɓace, shi ya sa mutum ba ya farga.

To jama'a, a nan nake son ku saurara. Yanar ido ana cire ta, gani ya dawo. Jijiyar da ta mutu kuwa ta tafi ke nan. Idona na hagu saura kaɗan, na dama muke tsaro da maganin ɗigawa, kullum, har iyakar rai. Da azumi ma ban fasa ba, bayan sahur da bayan shan ruwa. Wallahi kuɗinsa na ci mini rai, amma ya fi ɗan jagora araha.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cikin 'yan Nijeriya 100 masu shekara 40 zuwa sama, wajen 5 na da ita. Kuma tana bin jini. Mahaifinmu ya makance a gida aka ce tsufa ne. Bara aka gwada ƙanena, yana da ita.

Wanda ya haura 40 ya je a auna matsin idonsa, a leƙa jijiyar. Ran Litinin zan koma ganin likita. Motata na ɗaukar mutum 4, a same ni a rumfa bayan asuba.