Jawabin Sakatare: Kotu Ɗaya Mai Yanke Hukunci Ga Ƙasashe 18

 

Bayaninmu na yau a kan haƙƙin ƙirƙira ne. Idan mutum ya ƙago wata na'ura ko magani, hukuma takan ba shi takardar mallaka, wadda ke hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba har shekara 20. To amma takardar wata ƙasa ba ta aiki a wata. Shi ya sa a da can a Turai, idan aka kwaikwayi kayanka a Jamus da Faransa da Italiya, ƙara uku za ka shigar, ka biya lauyoyi sau uku, kuma ana iya ba ka gaskiya a nan, a hana ka a can.

Don magance wannan ne wasu ƙasashen Tarayyar Turai suka sa hannu a 2013 kan kafa kotun haɗin gwiwa. Ta fara aiki ranar 1 ga Yuni, 2023, kuma ƙasashen sun kai 18 da shigar Romaniya a 2024. Ana fara shari'a a rassanta, kamar na Paris da Munich da Milan. Wanda bai gamsu ba sai ya ɗaukaka ƙara zuwa Luksamburg. Alƙalan da ke zama kan shari'a guda ba 'yan ƙasa ɗaya ba ne, kuma akan haɗa su da masana kimiyya ko injiniyoyi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Yadda hukunci ɗaya zai hana ɓarawon fasaha ciniki a duk ƙasashen, haka in kotu ta soke takardarka, ka rasa ta a dukansu rana ɗaya. Saboda haka aka ba da wa'adin shekara 7 da masu tsohon tsarin takarda za su iya tsame tasu daga hannun kotun. Birtaniya ta janye a 2020, Spain da Poland kuma ba sa ciki.

Mu nan Nijeriya ba mu cikin irin wannan haɗaka. Rajistar da aka yi a Abuja iyakarta Nijeriya, rigimarta kuma Babbar Kotun Tarayya ke saurara. Don haka muna kira ga 'ya'yanmu makanikai da maƙera: duk wanda ya ƙago sabon abu, ya yi rajista kafin ya baza shi kasuwa, kuma ya tambayi lauya inda takardarsa ta tsaya.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.