Gadar Haƙori da Ginshiƙanta: Batun Cike Giɓi a Ƙasar Gaya da Ajingi

Babban mutum yana da haƙora 32 idan sun fito duka, kuma kowannensu yana tsaye ne da taimakon maƙwabtansa na gefe da abokin taunarsa na sama ko na ƙasa, saboda haka ɓarnar faɗuwar guda ɗaya ba ta tsayawa a kan giɓin da ido yake gani. Haƙoran gefe sukan karkato cikin giɓin sannu a hankali, wanda yake fuskantarsa yakan zazzago domin ya rasa abin da zai tokare shi, ƙashin muƙamuƙin da ya riƙe saiwar kuma yakan shiga zaizayewa, musamman a watannin farko bayan cirewa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa cututtukan baki sun shafi mutane kusan biliyan 3.5, kuma wajen kashi 23 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 60 ba su da sauran haƙori ko ɗaya. A ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran karkarar Kano, abubuwan da suke raba mutum da haƙorinsa sanannu ne: ruɓewar da takan fara da ɗan kogo, da ciwon dasashi da ke sa haƙori girgiɗa, da faɗuwa a kan babur, sannan da jinkirin zuwa asibiti har sai ciwo ya kai inda ba abin da ya rage sai cirewa.

Hanyoyin cike giɓi uku ne. Akwai haƙoran roba da ake sawa a cire, waɗanda suka fi araha. Akwai dashe, wato a kafa ƙusar ƙarfen titaniyam a cikin ƙashi a ɗora haƙori a kanta, hanyar da ta samo asali daga binciken Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin, wanda ya yi wa mutum na farko dashen a 1965, sai dai tsadarta ta sa ba kowa ba ne yake iya kaiwa gare ta. Gadar haƙori tana tsakanin biyun, kuma ita ce wannan rubutu ya sa gaba.

Matafiyin da ya taso daga Gaya zuwa birni yana tsallake gadar Wudil, ya kuma san cewa shimfiɗar da mota take bi ba ita take riƙe da kanta ba, ginshiƙai ne suke ɗauke da ita. Haka gadar haƙori take. Likita yakan yi allurar kashe zafi, ya fiƙe haƙorin da ke dama da giɓin da wanda ke hagunsa, ya rage kaurinsu ta kowane ɓangare da abin da bai wuce milimita biyu ba, sannan ya ɗauki zanen bakin da wani abu mai danƙo, a kai wa maƙerin haƙora. Shi kuma maƙerin yakan ƙera huluna biyu da haƙorin cike giɓi a tsakaninsu, duka a haɗe, da ƙarfe ko tangaram ko ƙarfen da aka lulluɓe da tangaram, a dawo a gwada, in ya zauna daidai a manne shi da wani siminti na musamman yadda mai shi ba zai iya cire shi ba. Haƙoran nan biyu da aka fiƙe su ne ginshiƙai, kuma daga ranar su za su riƙa ɗaukar nauyin taunar da a da haƙora uku suke rabawa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun kafin Rumawa su yi ƙarfi, mutanen Etruriya a Italiya suna ɗaure haƙorin aro da maƙwabtansa da zoben zinare. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana a littafinsa Attasrif yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗa da wayar zinare ko azurfa, da yadda ake sassaƙa haƙori daga ƙashin shanu, kuma ya fifita zinare saboda azurfa tana ɓaci a cikin baki. Wannan lura tasa ta yi daidai da labarin Arfajah ɗan As'ad da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinare. Da wannan ne malamai da yawa suka kafa hujjar halaccin gyaran haƙori da zinare, ko ga namiji, idan lalura ta kama, don haka mai ɗari-ɗari da gyaran ta fuskar addini yana da inda zai dafa.

Bahaushe ya san hular haƙori tun kafin ya ji sunan gada, domin haƙorin Makka da alhazai suke dawowa da shi hula ce da ake kifawa a kan haƙori, sau da yawa lafiyayye. Idan bakin hular bai zauna daidai da dasashi ba, abinci yakan maƙale a ƙarƙashinta, haƙorin ya yi ta ruɓewa a ɓoye alhali waje yana ƙyalli. Abin da yake kashe gada ke nan a mafi yawan lokuta, ba karyewar ƙarfe ba.

A nan ne hukuncin likita yake da nauyi, domin gada ba ta fin ginshiƙanta ƙarfi. A 1926 wani likita mai suna Ante ya tsara ƙa'idar cewa faɗin saiwoyin ginshiƙai ya kamata ya kai ko ya fi na haƙoran da za a maye gurbinsu, kuma ko da yake binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ƙa'idar ta yi tsauri, manufarta tana nan: ba a ɗora haƙora huɗu a kan biyu masu girgiɗa. Dole a ɗauki hoton saiwa, a duba dasashi, a kuma tambayi mai haƙori ko yana da ciwon suga, domin sugan da ba a shawo kansa ba yana tsananta ciwon dasashi. Sannan akwai asarar da ba a cika faɗa wa mutane ba, wato fiƙar da aka yi wa lafiyayyen haƙori ba ta komawa har abada, wani lokaci ma jijiyarsa takan mutu bayan shekaru. Shi ya sa ga matashin da ya rasa haƙorin gaba guda ɗaya a haɗarin babur ya fi dacewa a fara duba gadar liƙe, wadda aka inganta a Jami'ar Maryland ta Amurka a farkon shekarun 1980, inda ake manne wani ɗan fiffike a bayan haƙorin maƙwabci ba tare da an ci jikinsa sosai ba. Gadar da aka yi bisa ƙa'ida tana da ƙarko, domin nazarce-nazarce sun nuna kusan tara cikin goma suna nan bayan shekara goma.

Ba kowane giɓi ne yake neman cikewa ba. Arnd Käyser na ƙasar Holan ya nuna a 1981 cewa mutumin da ke da haƙoran gaba da ƙananan turame, wato kimanin 20 masu haɗuwa da juna, yana iya tauna ba tare da wata matsala mai yawa ba. Dattijon da ya rasa turmin ƙarshe, yana cin tuwonsa da namansa lafiya, ba lallai ne ya sayar da buhun gero don ya cike wurin ba.

Ga mutumin Ajingi, nisa yana cikin kuɗin aikin. Gada tana buƙatar ɗakin ƙira da maƙerin da ya ƙware, irin waɗanda aka fi samu a birni, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ɗaliban likitancin haƙori na Jami'ar Bayero suke samun horo, kuma ba a gama ta a zuwa ɗaya: akwai ranar dubawa, da ta fiƙa da ɗaukar zane, da ta mannewa, da ta komawa idan tauna ba ta zauna ba. Manomin da ya fara aikin da damina ta kankama, ya kasa komawa, zai zauna da fiƙaƙƙun haƙora a ƙarƙashin hular wucin gadi da ba a yi ta don ta daɗe ba, saboda haka bayan kaka ya fi. Wannan wahala ce take tura wasu wajen masu sa haƙori na kasuwa, waɗanda sukan liƙa haƙorin roba da wani ƙulli mai daskarewa nan take a jikin maƙwabtansa. Abin yakan yi kyau a makon farko, amma da yake ba a iya cire shi a wanke, ba a kuma bar hanyar tsaftacewa ba, dasashi yakan kumbura, baki ya yi wari, giɓi ɗaya ya koma uku. Wanda kuɗinsa bai kai na gada ba, haƙorin roba na asibiti da zai cire da dare ya wanke ya fi masa aminci nesa ba kusa ba.

Tsaftar gada ta bambanta da ta sauran haƙora. Asuwaki da buroshi suna goge saman haƙori da gefensa, amma ba sa shiga ƙarƙashin haƙorin cike giɓi, inda yake kwance a kan dasashi, don haka ana buƙatar zaren sakace da ake zurawa ta ƙarƙashi, ko ɗan siririn buroshin tsakanin haƙora, kullum sau ɗaya, tare da man goge baki mai sinadarin fulorayid. Fasa ƙashi ko buɗe kwalba da haƙori yana tsaga tangaram. Jini a dasashin ginshiƙi, ko ɗanɗano marar daɗi da ke fitowa daga ƙarƙashin hula, ko ɗan motsi idan an tauna, kowannensu dalili ne na komawa wajen likita tun kafin zafi ya zo, domin ruɓewar ƙarƙashin hula takan yi nisa kafin mai ita ya ji ciwo.