Zaɓen Koton Fatsa

Yau za mu yi maganar koto, wato abincin da ake sa wa ƙugiya.

Kun san tafkin Kalmalo da ke kusa da Illela. Ruwansa daga kwarin Maggiya yake gangarowa, ta wajen Birnin Ƙwanni. Shekarar da ya cika, mutum 2 za su jefa fatsa wuri ɗaya. Wannan ya cika ƙwarya, wancan ya koma gida ba na miya. Sai a ce sa'a ce. To, yawanci koto ne.

Tarwaɗa a ƙasan ruwa take kiwo, cikin taɓo, galibi da dare. Idanunta ƙanana ne, gashin bakinta ke nemo mata abinci. Saboda haka a ba ta abu mai ƙarni: hanjin kaza, ko tana, ko ɗan kwaɗo. Wasu har gutsuren sabulu suke sawa, ta kuwa haɗiya. A ɗaura 'yar dalma a igiya don koton ya nutse.

Ita karfasa bakinta ƙarami ne. In ka sa mata ƙugiyar tarwaɗa, sai ta tsattsage koton ta tafi abinta. A nemi ƙaramar ƙugiya, a sa gara ko guntun tana, da sassafe, kusa da ciyawa.

Kada kowa ya zuba guba don samun kifi da sauri. Guba na kashe manya da ƙanana, shanu kuma a nan suke sha.

Gobe kowa ya rubuto sunan kifi 3 da koton kowanne.